Daga Azhar zuwa Iskandariyya: yadda na ga ilimi yana yawo a wayoyin Larabawa

Na sauka a filin jirgin saman Alƙahira a ƙarshen watan Janairu, lokacin da sanyin Masar yake kan ganiyarsa, bayan tafiyar sa'o'i huɗu da ɗoriya daga Kano. Abubuwa biyu ne suka kai ni: in duba ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Azhar, wanda na shekara uku ban sa shi a ido ba, in kuma halarci baje kolin littattafai na Alƙahira, wanda nake jin labarinsa tun ina ɗalibi. Na daɗe ina koyar da Larabci a makarantar sakandare, saboda haka na tafi da jaka guda wadda ban sa komai a cikinta ba, da niyyar in cika ta da littattafai.

Bayan mun gaisa, yaron ya karɓi fasfona ya ja ni wajen masu sayar da layin waya, tun kafin mu fita daga ginin. Na ce masa ba gaggawa, ya ce, "Kawu, a garin nan ko lokacin darasi ba za ka sani ba sai da waya." A lokacin na ɗauki maganar a matsayin zancen yaran zamani, amma kafin mu kwana na fahimci abin da yake nufi.

Yana zaune ne a unguwar da ake kira Hayyul Ashir, a gefen Madinatu Nasar, inda ɗalibai baƙi daga Afirka da Asiya suka yi yawa. Su huɗu ne a gidan. Bayan sallar isha'i kowannensu ya ɗauki wayarsa, na yi zaton hira za su shiga da abokai, sai na tarar aiki suka raba. Ɗaya ya naɗi muryar malaminsu na fiƙihu da safe, ya ɗora ta a tashar ajinsu ta Telegram. Na biyu yana sauraro yana mayar da maganar rubutu, aikin da suke kira tafrigi. Ɗan ƙanwata kuma shi ne mai bin kowace magana da malam ya jingina wa wani littafi, ya nemo juzu'i da shafi ya rubuta a ƙasa. Kafin sha ɗayan dare darasin ya zama takarda mai shafi tara, an tura ta ga ɗaliban da yawancinsu ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da waɗannan yara ba. Babu mai biyan su ko sisi. Da na tambayi dalili, ɗan Chadi da ke cikinsu ya ba ni amsa da maganar da na sha ji daga baya a bakin mutane daban-daban, wato zakkar ilimi ita ce yaɗa shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a daren shi ne saurin da yaron yake nemo shafuka. Ya nuna mini Maktaba Shamila, ɗakin karatun nan na kyauta da ya tara dubban littattafan tafsiri da hadisi da fiƙihu da lugga da tarihi, wanda mutum zai rubuta kalma guda ya ga duk inda ta fito. Na san sunanta tun a gida, amma ban taɓa ganin an yi aiki da ita da wannan ƙwarewa ba. A katin bayanin littattafai da yawa akwai jimlar da ke cewa lambobin shafi sun dace da na bugaggen littafi, kuma ita ce yaron yake fara dubawa. Idan babu ita, sai ya koma neman hoton ainihin littafin, wanda suke kira musawwar, domin ya ce malamansu ba sa karɓar hujjar da ba za a iya komawa a gan ta a takarda ba. Na tuna lokacin da nake aron littafin nahawu na kwana uku, in kwana ina kwafe babi da hannu a gaban fitilar ƙwai. Na yi wa yaran nan murna har cikin raina, na kuma ji tsoro kaɗan, domin abin da na kwafa da hannuna har yau yana kaina, shi kuwa abin da aka nemo cikin daƙiƙa biyar yana iya fita kamar yadda ya shigo.

Washegari muka tafi masallacin Azhar, wanda Fatimiyyawa suka aza harsashinsa a shekarar 970. A cikin ɓangarorin da aka taɓa keɓe wa ɗalibai baƙi a wannan masallaci har da na mutanen Borno, abin da ke nuna cewa hanyar da ɗan ƙanwata ya biyo tsohuwa ce. Mun tarar da wani malami dattijo a kan kujera kusa da ginshiƙi, ɗalibai sun kewaye shi a ƙasa, yana karantar da wani matani na aƙida. A gabansa wayoyi ne a jere kamar takalma a ƙofar masallaci, kowace tana naɗar murya, ga kuma wata a kan ƙafa uku tana watsa darasin kai tsaye a Facebook. Malamin bai kula da su ba ko kaɗan. Sai da aka zo tambayoyi wani matashi ya karanto tambaya guda daga waya, ya ce daga Aljeriya aka aiko ta, malam ya amsa ta da natsuwar da ya amsa ta wanda ke zaune a gabansa. Da aka tashi na ga ɗalibai suna layin gaishe shi, suna sumbatar hannunsa ko kansa, na ce a raina wannan ne rabon da mai kallo daga nesa ba zai samu ba, ko da bai rasa kalma ɗaya daga darasin ba.

A kwanakin da suka biyo baya na roƙi yaron ya sa ni a wasu zaurukan hira na waya da yake ciki, domin in ga abin da ke yawo a cikinsu da idona. A nan na lura da wata ɗabi'a ta masu rubutu da Larabci wadda ta daɗe a intanet. Mutum zai kwafo dogon rubutu mai amfani, a ƙarshensa ya sa kalma ɗaya: manƙul, wato an ciro shi daga wani wuri. Wasu sukan ƙara da cewa sun faɗi haka ne saboda amana. Niyyar kyakkyawa ce, domin mai turawa yana gudun a yaba masa a kan abin da ba nasa ba, amma kalmar ba ta gaya maka daga ina aka ciro ba, kuma ba ta gaya maka wanda ya rubuta ba. Ga al'ummar da ta gina ilimin isnadi, wadda malamanta suka yi tafiyar watanni domin su ji hadisi guda daga bakin wanda ya ji shi, wannan rabin amana ne. Akwai kuma wata jimlar da ta fi damuna, wadda ake liƙawa a ƙarshen saƙonni: unshur tu'ujar, wato ka yaɗa a ba ka lada. Da ita ake tura addu'o'in da ba su da asali, da labaran mafarki, da magungunan da babu likitan da ya san su, kuma mai karɓa yakan ji nauyin ya riƙe saƙon bai tura ba.

Sai dai na ga maganin cutar yana fitowa daga inda ta fito. A zauren ɗaliban, da wuya a tura hadisi ba tare da wani ya rubuta kalma ɗaya a ƙasa ba: masdar? Ma'ana, ina tushensa? Sau biyu na ga an mayar wa mai turawa da hoton sakamakon bincike daga shafin Durarus Saniyya na Saudiyya, wanda ke da rumbun hadisai da hukuncin malamai a kansu, har da sashe na musamman na hadisan da suka yaɗu alhali ba su inganta ba. A ɓangaren labarai kuma akwai masu bin diddigi irin su Fatabayyanu, da aka kafa a Jodan, wanda ya ɗauko sunansa daga ayar Suratul Hujurati mai umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Masar ma tana da nata, mai suna da karin harshen gari, ma'anarsa "kada ka gaskata". Wanda aka gyara wa kuskure a zauren bai yi fushi ba, ya yi godiya ya goge saƙon, kuma wannan ya burge ni fiye da gyaran kansa.

Sunan wancan shafi na Masar ne ya fara jawo hankalina ga wani irin rubutu da ban saba gani ba, domin idan aka rubuta shi da boko akwai lamba 2 a tsakiyarsa. A cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, na tsaya kusa da wani saurayi yana rubuta saƙo da haruffan boko gauraye da lambobi. Ɗan ƙanwata ya bayyana mini cewa Larabci ne: lamba 3 tana tsayawa a madadin ainun, 7 a madadin ha mai fitowa daga maƙogwaro, 2 a madadin hamza, 5 kuma a madadin kha. Misirawa suna kiran wannan salo Faranko. Ya samo asali ne tun zamanin da wayoyi da kwamfutoci ba su iya haruffan Larabci ba, kuma bai mutu ba duk da cewa Facebook ya fito da Larabci tun 2009, Masar kuma tana cikin ƙasashe ukun farko da aka ba adireshin intanet da haruffan Larabci a 2010. Mu da muka ga yadda boko ya ture ajami mun san abin da ke faruwa idan yara suka saba da rubuta harshensu da haruffan wasu, shi ya sa ban iya kallon abin a matsayin wasa ba.

Maganar harshe ba ta tsaya a haruffa ba. Da dare yaran suka kunna mini shirin Ahmad al-Gandur da aka fi sani da Ad-Dahih, matashin da ya yi suna wajen bayyana kimiyya da tarihi da falsafa cikin karin harshen Masar, da sauri da raha, wanda miliyoyin mutane ke kallo a YouTube. A ƙarshen kowane shiri yana tura masu kallo ga jerin majiyoyinsa, kuma na yaba da wannan ƙwarai. Amma ni da na ƙare rayuwata a kan daidaitaccen Larabci, wato fus'ha, rabin maganarsa ta wuce ni. Yaran suka ce da fus'ha ya yi da bai samu kashi ɗaya cikin goma na masu kallonsa ba. Ban musa ba, sai dai na tuna musu cewa fus'ha ce ta sa tambayar mutumin Aljeriya ta isa kunnen malamin Azhar ba tare da tafinta ba, ita ce kuma ta sa Bahaushe da ɗan Indonesiya suke zama aji ɗaya. Karin Masar ya ci sa'a domin finafinai da waƙoƙi sun daɗe da kai shi ko'ina, amma idan ɗan Maroko ya yi bayanin ilimi da nasa karin, mutumin Bagadaza sai ya nemi fassara. Har muka kwanta ba mu daidaita ba.

Ranar da na fi jin daɗinta ita ce ta kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, kusa da tashar Ataba. Ƙananan shaguna ne a jere, littattafai tun daga ƙasa har rufi, ƙurar takarda tana shiga hanci. Na zauna wajen wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa, ya aika aka kawo mini shayi. Ina tsammanin zai yi kuka da intanet, kuma ya yi, amma ba ta inda na zata ba. Ya ce littattafan da ake saukewa kyauta ba su kashe masa kasuwa ba, domin wanda ya karanta littafi a waya ya so shi, sau da yawa yakan zo neman na takarda. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bugun jabu, wanda suke kira madrub, da kuma tsadar takarda tun da darajar fam ɗin Masar ta faɗi. Muna cikin magana jikansa yana ɗaukar hoton bangon wasu littattafai yana ɗorawa a shafin shagon na Facebook, kafin in gama shayina wani daga Asyut, a yankin Sa'id da ke kudancin Masar, ya aiko kuɗin biyu daga cikinsu ta waya. Dattijon ya ce, "Ya ustaz, da ina jiran mai wucewa, yanzu kuwa har daga Sa'id ake nemana." Duk da haka na fita da tambayar da ba ta bar ni ba: marubucin da ke raye, wanda ya shekara biyar a kan littafi, aka ɗauki hoton littafin aka watsa a Telegram mako guda bayan fitowarsa da sunan yaɗa ilimi, wa ya nemi izininsa? Zakka daga dukiyar mutum ake fitar da ita, ba daga ta maƙwabcinsa ba. Hanyar da ta fi kwanta mini ita ce irin ta Mu'assasar Hindawi, wadda ke ɗora littattafan adabi da tunani da fassarori kyauta bayan ta daidaita maganar haƙƙi, ko ta Bankin Ilimi na Masar da gwamnati ta buɗe a Janairun 2016, inda ɗan ƙasa ke shiga da lambar katin shaidarsa ya karanta mujallun bincike na duniya ba tare da ya biya ba.

Baje kolin kansa, wanda aka fara a 1969 aka kuma mayar da shi sabon filin baje koli a Sabuwar Alƙahira a 2019, cike yake maƙil da matasa, da yawansu riƙe da jerin sunayen littattafan da suka kwafo daga zaurukan masu karatu. Layin da ya fi tsawo na wani matashin marubuci ne da aka ce a Facebook ya fara tara masu karatu kafin wata maɗaba'a ta neme shi. A nan na cika rabin jakata.

Na bi ta dandalin Tahrir sau uku, kuma kowane lokaci sai na tuna cewa daga wani shafin Facebook mai suna "Dukkanmu Khalid Sa'id ne", wanda aka buɗe bayan mutuwar wani saurayi ɗan Iskandariyya a hannun 'yan sanda a Yunin 2010, aka yi kiran fitowa zanga-zangar 25 ga Janairun 2011. Hukuma ta katse intanet a ƙasar daga 28 ga watan har zuwa 2 ga Fabrairu, shugaba Husni Mubarak kuma ya sauka daga mulki a 11 ga Fabrairu. Yau dandalin a share yake, motoci suna kewaya shi, kuma duk wanda na ɗauko wa wannan zance sai ya sauya magana cikin ladabi. Wata dokar 2018 ta sa duk shafin mutum da mabiyansa suka kai 5,000 yana iya shiga ƙarƙashin sa idon hukumar kula da kafofin watsa labarai. Na fahimci dalilin da ya sa zaurukan ɗalibai suke rubuta "ban da siyasa" a sahun farko na ƙa'idojinsu. Nahawu da likitanci da girke-girke suna yawo a sake, amma akwai fannonin da mutane ke taunawa kafin su furta.

A unguwar Faisal, inda 'yan Sudan suka yi yawa tun bayan yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023, na ga wani nau'in musayar sani wanda ba shi da alaƙa da aji. Wani magidanci da muka yi sallar la'asar tare, wanda da ya ji muna Hausa ya amsa mana da ita domin kakanninsa Hausawan Sudan ne, ya nuna mini zauren unguwarsu ta Omdurman a WhatsApp. A ciki ake sanar da hanyar da ta buɗe, da inda aka ga maganin ciwon sukari, da gidan da ake dafa abincin sadaka, da sunan wanda ya ɓata. Matasan da ke gudanar da abin da suke kira ɗakunan agajin gaggawa su ne ƙashin bayan wannan aiki. Ya ce da saƙo guda a wannan zaure ya san hanyar da ya bi ya fito da mahaifiyarsa. Ban sami abin da zan ce masa ba sai addu'a.

Kwana biyu kafin in dawo muka hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, muka ratsa Banha da Tanta da Damanhur, gonaki kore shar a dama da hagu. Ɗakin karatun Iskandariyya, wanda aka buɗe a 2002 a bakin teku, an zana haruffan rubuce-rubucen duniya a jikin katangarsa ta dutse, zauren karatunsa kuma yana gangarowa hawa-hawa ƙarƙashin rufi guda. A nan aka yi taron duniya na masu rubuta Wikipedia a 2008. A teburin da ke kusa da namu wata ɗaliba mai karatun haɗa magunguna tana fassara wata maƙalar Wikipedia a kan ciwon hanta zuwa Larabci, littattafai biyu a buɗe a gabanta. Da ɗan ƙanwata ya gaya mata ni malamin Larabci ne, ta juyo da kwamfutarta ta ce, "Ya ammu, duba mini wannan jimla." Ta bayyana mini cewa Wikipedia ta Larabci, wadda aka fara a 2003, ta haura maƙala miliyan ɗaya a 2019, amma a fannin lafiya har yanzu mahaifiyarta takan nemi bayani ta tarar da wanda ba a iya dogara da shi, shi ya sa ta ɗaukar wa kanta maƙala ɗaya kowane mako. Kalmar da ta tsaya mata a rai tana da fassara uku, ɗaya ta Masar, ɗaya ta Sham, ɗaya ta ƙamusun likitanci, tana so ta zaɓi wadda kowa zai gane. Muka shafe kusan rabin sa'a a kan jimlar, na gyara mata wani wuri da aikatau bai dace da mai aikatawa ba, ita kuma ta koya mini yadda ake liƙa majiya a ƙarshen magana ta yadda mai karatu zai danna ya je ya gani.

A daren ƙarshe ɗan ƙanwata ya karɓi wayata ya cika ta da littattafan da masu su suka saki kyauta, ya sa ni a tashar darasin dattijon nan na Azhar, ya kuma nuna mini kwasa-kwasan Idrak, dandalin koyarwa da Larabci da gidauniyar Sarauniya Raniya ta Jodan ta buɗe a 2014, domin ɗalibaina masu son ƙari. Jakar da na zo da ita ta cika har ta fi nauyin da aka yarda, sai da na bar masa mujalladi huɗu ya taho mini da su idan ya zo hutu. Muna zaune a filin jirgi wayata ta yi ƙara, na duba na ga takardar tafrigin darasin jiya ce ta shigo. A shafi na uku na ga an jingina wani baiti ga mawaƙin da ba shi ya yi shi ba. Na sa tabarau, na rubuta musu gyaran da sunan diwanin, wato kundin waƙoƙin, da lambar shafi, na tura kafin a kira mu shiga jirgi.